Jinyar Duna bayan an cire masa ƙafar gaba

Mota ce ta buge karena Duna, amma ƙashinsa ko tsagewa bai yi ba. An ɗauki hoto ta gaba, an ɗauka ta gefe, ƙasusuwan ƙafarsa ta gaba ta hagu lafiya ƙalau. Sai dai ƙafar ba ta takuwa. Reto take yi daga kafaɗa, gwiwar ta zubo, bayan dagin yana sharar ƙasa duk inda ya nufa. Likitar dabbobin da ta karɓe mu ta ɗauko hantsaki ta matse masa yatsa, irin matsar da lafiyayyen kare zai zabura ya kawo cizo. Duna ko waiwayowa bai yi ba.

Ta yi mini bayani cewa a ƙarƙashin kafaɗa, wajen hammata, akwai curin jijiyoyi da suka fito daga laka. Su ke kai wa ƙafar umarnin motsi, su kuma ke dawo da labarin zafi da taɓi. Idan aka fizgi ƙafar da ƙarfi, jijiyoyin kan miƙe ko su tumɓuke daga tushe. Wadda ta miƙe tana iya farfaɗowa a hankali, wadda ta tumɓuke kuwa ta tafi ke nan. Sai an ba abin lokaci ake gane wanne ne ya faru, don haka muka koma gida muka shiga jira, muna naɗe dagin da bandeji kada ƙasa ta cinye shi. Makonni suka shuɗe. Naman kafaɗar ya zube har ƙashi ya fito, bayan dagin ya saluɓe duk da naɗin. Ranar da na tarar ya kwance bandejin yana gwaguyar yatsunsa, jini na zuba shi kuwa ko a jikinsa, ranar ce magana ta ƙare.

Tambayata ta farko ita ce, me zai hana a yanke daga gwiwa a bar masa sauran? A ganina ko dungu ne ai ya fi babu.

"Malam, dungun nan idonka zai yi wa amfani, ba shi ba," in ji ta. "Ba taka shi zai yi ba. Nauyi zai ƙara masa, ya riƙa dogara shi a ƙasa yana gurjewa, mu koma gidan jiya."

Shi ya sa a ƙafar gaba galibi ake cire ta ɗungurungum, har da allon kafaɗa, a rufe wurin da nama da fata ya kwanta sumul. Na kawo zancen ƙafar roba, ta ce ita sai an bar yawancin ƙafar, kuma abin da aka bari ɗin yana ji yana motsi. Wanda jijiyarsa ta mutu tun daga sama, babu inda za a maƙala masa ita. Daga nan ta bar matacciyar ƙafar ta koma kan ukun da za su rage, kuma a nan ta fi daɗewa. Ta lanƙwasa kowace gaɓa, ta murza ƙugu, ta bi gadon baya da yatsu. Aka ɗebi jini don a ga ko hanta da ƙoda za su jure allurar barci. Ta ce kare yana ɗora wajen kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a ƙafafun gaba, na baya su raba ragowar. Wanda ya rasa ta gaba ke nan ya fi wanda ya rasa ta baya aiki, domin ƙafa ɗaya tal ce za ta ɗauki kai da wuya da ƙirji, ita ce kuma birki. Duk abin da muka yi a jinyar nan, daga wannan lissafin ya fito.

Ta ce mu ma muna da sauƙi ta fuska biyu. Duna ya riga ya saba da tafiya da uku, kaya kawai za a sauke masa. Sannan ba ciwon daji ne ya kawo mu ba. Manyan karnuka da yawa kansar ƙashi ce ke raba su da ƙafa, su kuwa sai an ɗauki hoton huhu tukuna, domin can ciwon ya fi saurin tsallakawa, kuma bayan tiyata akwai wata doguwar maganar magani da ke jiransu.

Kafin ranar tiyata na gyara gida, kuma a cikin duk gyaran babu wanda ya kai na ƙasa amfani. Santsi ne babban abokin gabar kare mai ƙafa uku. Mai huɗu in ɗaya ta zame, uku sun riƙe shi. Mai uku in ta gaban ta zame, haɓa ce ke dukan ƙasa, ko ya zube a kan ɗinkin. Faɗuwa ɗaya kuma ta isa ta sa masa tsoron wurin ya ƙi sake bi. Na shimfiɗa guntayen kafet da tabarmin roba tun daga makwancinsa zuwa wurin cin abinci, zuwa ƙofar fita, na manne gefunansu kada su ma su ja shi. Daga baya na lura ko babu wanda ya nuna masa, kan shimfiɗar yake bi, ya kauce wa tayil. Makwancin kuwa katifa ce mai tauri a ƙasa. Mai laushi ta fi kyau a ido, amma ƙafa nutsewa take a ciki, tashi ya zama kokawa. Kwanon abinci da na ruwa na ɗora su a kan ɗan benci, don sunkuyawa har ƙasa da ƙafa ɗaya a gaba jan aiki ne. Na toshe matakala, na fitar da kujerar da ya saba hayewa.

Ya kwana a asibiti bayan aikin. Da za a fito da shi, wani ma'aikaci ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Yallaɓai, in ya fito fuskarsa za ka kalla, ba wurin ba. Ka yi masa magana yadda ka saba." Ina ganinsa na gane dalili. An aske shi tun daga wuya har tsakiyar haƙarƙari, fatar ta yi jajir, ga ɗinki zungureriya ya ratsa inda kafaɗa take a da. Duk bayanin da aka yi mini bai hana gabana faɗuwa ba. Shi kuwa da tsallensa ya fito, yana layi saboda magani, jela na kaɗawa, yana jan ma'aikacin zuwa waje. Kare yana karanta fuskar mai shi da muryarsa, in ka tsaya a kansa kana salati da hawaye zai ɗauka akwai abin tsoro. Saka shi a mota da fito da shi mu biyu muka yi a cikin bargo, don babu inda za ka tallafi ƙirjin ba ka danne ɗinki ba. Tun a hanya na kira gida na ce a gaya wa yara abin da za su gani. Ƙaramar ta leƙo ta ce, "Baba, ina aka kai ƙafar?" Na ce lalacewa ta yi aka cire don ta daina cutar da shi. Ta ce to, ta je ta ɗebo masa ruwa. Manyan gidan ne suka fi ta wahalar lallashi.

Daren farko ba mu runtsa ba. Haki yake yi ba ƙaƙƙautawa, yana wani siririn kuka, ya tashi ya kwanta ya sake tashi, idanu a buɗe amma ba ni yake gani ba. Gari na wayewa na kira waya.

"Likita, ina jin maganin nan bai ishe shi ba."

Ta ce in gwada abu biyu kafin mu yanke hukunci. In kira sunansa in shafa kansa. Idan ya natsu ya dube ni, sannan da na kai hannu kusa da ciwon ya ɗaure jiki ko ya waiwayo, to zafi ne. Idan kuwa bai ma san ina yi ba, kukan bai ƙaru ba bai ragu ba, to mayen allurar asibiti ne bai sake shi ba, domin magungunan dangin mofin kan ruɗa wasu karnuka haka. Na gwada, nasa maye ne, kuma zuwa yamma ya washe da kansa. Sanin bambancin nan na da muhimmanci, don na farko ƙarin magani yake so, na biyu kuwa in aka ƙara masa irin maganin sai ya ƙara rikicewa.

Magunguna uku aka haɗo mu da su: meloksikam na rage zafi da kumburi, sau ɗaya a rana tare da abinci, gabafentin na zafin jijiya, duk bayan awa 8, sai na kashe ƙwayoyin cuta. Na rubuta jadawali na liƙa a bango, duk wanda ya ba da magani ya sa lokaci ya ja layi. Gidan da mutum uku ke jinya, in ba a yi haka ba, ko dai a ba shi sau biyu ko kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ya bayar. Ba a jiran sai ya yi kuka sannan a ba shi. Kare mai jin ciwo sau da yawa shiru yake yi: ya ƙi abinci, ya lafe kunnuwa, ya yi ta juyi ya kasa samun kwanciyar da ta yi masa, ya riƙa lasar leɓe. An gargaɗe mu cewa in muka ga amai, ko gudawa, ko baƙin kashi mai danƙo, mu dakatar da meloksikam mu kira, don alamar yana cin ciki ne. Wani da ya zo dubiya ya zaro ƙwaya daga aljihu ya ce ita yake sha in bayansa ya motsa. Na yi masa godiya na ce ya mayar. Ibufurofen yana yi wa kare gyambon ciki ya kuma lalata masa ƙoda. Farasitamol ma in ba likita ne ya auna ba hanta yake taɓawa. Kuma a tabbatar ƙwayar ta wuce. Duna ya iya cinye lomar da aka dunƙule ta a ciki, ya jira ka juya baya ya tofar da ita a gefen katifa.

Maganar bayan gida an ce lallai ya yi fitsari cikin awa 24. Kashi kuwa ko ya yi 'yan kwanaki bai yi ba kada mu ɗaga hankali, allurar barci da magungunan zafi na rage wa hanji sauri, ga shi ba ya cin na kirki. An nuna mini yadda zan ninke tawul in zura ta ƙarƙashin cikinsa, bayan inda ɗinkin ya tsaya, in riƙe gefunan biyu ta sama. Ba ɗaga shi ake yi ba. A sassauta hannu, tawul ɗin ya zama na ko-ta-kwana, domin in ka ɗaga bayan da yawa sai ka tura nauyin gaba, kan ƙafar da kake son sauƙaƙa wa. Da muka fita, Duna ya tsaya ƙiƙam ya ƙi yin komai muddin tawul na jikinsa. Sai da na zare na ja da baya, igiya a hannuna. Ya ɗaga ƙafar baya yadda ya saba, ya ga biyu ba za su riƙe shi ba, ya yi tangal-tangal, sai ya tsuguna ya yi irin na 'yan kwikwiyo. Babu wanda ya koya masa. Bayan wasu watanni ya koma ɗagawa, yana ɗan jingina da abin da zai yi wa fitsarin.

Ciwon safe da yamma nake duba shi a wuri mai haske, in ɗauki hotonsa a waya. Idon da ke ganin abu kullum ba ya lura da canji, sai ka jera hoton jiya da na yau. A kwanakin farko ina naɗe ƙanƙara a tawul in ɗora a gefen ɗinkin na minti 10. Jini ya kwanta a ƙarƙashin fatar, ya yi ja, ya koma baƙi-baƙi, kuma kullum gangarowa yake yi, daga ƙirji zuwa ciki. Abin ba daɗin gani, amma nauyi ne kawai ke jansa ƙasa. Wanda aka ce in ji tsoro shi ne in yana yaɗuwa da sauri, sannan na ɗaga leɓensa na ga dasashin ya yi fari maimakon ruwan hoda. Wannan alamar jini na zuba a ciki ce, ba ta jiran gari ya waye.

Sai ga wani kumburi ya taso a ƙasan ɗinkin, in ka taɓa yana motsi kamar ruwa a leda. Babu zafi a wurin, shi ma bai damu da taɓawar ba. Likita ta ce inda aka cire ƙafa an bar gurbi a ƙarƙashin fata, jiki kuma ba ya son gurbi, sai ya cika shi da ruwa. Galibi jikin ne ke shanye abinsa. Ta hana ni ko tunanin hudawa, ta ce ita kanta ba ta son sa allura sai ya zama dole, don ƙofa ce ake buɗe wa ƙwayoyin cuta. Aikina in riƙa gasa wurin da tawul mai ɗumi, in kuma rage masa zirga-zirga, domin motsi ne ke ƙara ruwan. Wani lokacin yakan ɗiga ta bakin ɗinkin, tsararo mai ɗan ja-ja, babu wari. Ciwon da ya ruɓe daban yake: wurin ya ɗauki zafi, jan ya ƙaru, ga wari, ga mugunya, ɗinki ya soma buɗewa, karen ya yi laushi ya ƙi ci. Na sayi ma'aunin zafi na ware masa shi kaɗai. Ta dubura ake aunawa, kuma zafin jikin lafiyayyen kare yana tsakanin digiri 38 da 39.2, wato ya ɗara na mutum, kada wani ya ga 38.5 ya ce zazzaɓi ne.

Mazurarin robar nan da ake sa wa karnuka a wuya don hana su lasar ciwo Duna ya tsane shi. Ya yi ta karo da bakin ƙofa, ga mai ƙafa uku kuma kowane karo sai ya nemi kifar da shi. Duk da haka muddin babu idon kowa a kansa, yana wuyansa. Masu cewa harshen kare magani ne ba su taɓa ganin ɗinkin da kare ya kwana yana lasa ba. Sai dai mazurarin baki kawai yake tarewa. Ciwon kafaɗa daidai inda ƙafar baya ke kai susa yake, kuma da gashi ya soma tsirowa ƙaiƙayi ya taso, sai ka ji shi cikin dare yana neman kai farce. Na ɗauko tsohuwar rigata mai laushi, mai gajeren hannu, na zura ƙafar damarsa ta hannu ɗaya, na ɗinke ɗayan, na ƙulle ƙasan rigar a gadon bayansa don kada ya taka. Da dare in sa wa ƙafar bayan ta hagu safa, da safe in cire kafin ya miƙe, saboda safa ita ma santsi ce. Rigar kullum ake canzawa. Babu wanka, babu shafa wa ciwon komai.

Wani abu da ya ɗaure mini kai shi ne, ranar da ya dawo daga asibiti ya fi kuzari a kan kwanakin da suka biyo baya. Allurar asibiti ta gama fita daga jikinsa, tsokokin wuya da na baya da suka soma aikin da ba su saba ba suka yi tsami. Ya kwanta ya juya wa kowa baya, ko jela ba ya ɗagawa. A nan ne gwiwata ta fi yin sanyi, har na fara tambayar kaina ko mun kyauta masa. Likita ta gyara masa awon gabafentin, ta ce in riƙa yi masa tausa a hankali daga ƙeya zuwa ƙugu. Ba a daɗe ba ya dawo hayyacinsa.

Ashe da sauran rina a kaba. Yana jin sauƙi ya manta an taɓa yi masa aiki. Aka ƙwanƙwasa ƙofa, kafin in miƙe ya kai tsakar gida yana haushi, washegari kumburin ruwan da ya soma sacewa ya dawo sabo. Mutane na zaton jinyar irin wannan kare ita ce koya masa tafiya. Tafiya ai shi ya koya wa kansa tun yana asibiti. Aikin mai jinya shi ne hana shi, kuma ya fi wancan wuya, don shi yana ganin ya warke, kai kuma kana jin nauyin tsare shi. Muka mayar da shi ɗaki ɗaya, fita sai bayan gida, ko a tsakar gida da igiya. Zaman kaɗaici na sa shi kuka da tonon katifa, sai na riƙa ɓoye ƙwayoyin abincinsa a cikin ninkin tawul in bar shi ya nemo da hanci. Wannan na gajiyar da shi ba tare da ya taka ko'ina ba. Masu zuwa dubiya ma na taƙaita su, don kowane baƙo sai ya tashi ya tarbe shi.

Akwai kuma ihun da ba za ka so ji ba. Yana kwance lafiya lau, sai ya kwarmata ƙara ya zabura, ya juyo yana neman wani abu a inda ƙafar take a da, naman wurin yana harbawa. Kafin ka iso ya wuce, ya koma ya kwanta. Jijiyoyin da aka yanke ne ke ci gaba da aika saƙo, ƙwaƙwalwa kuma ta ɗauka daga ƙafar yake zuwa. Mutanen da aka yanke wa gaɓa su ma suna ba da labarin irinsa. Aka ce in rubuta lokacin da ya faru da abin da yake yi kafin nan, kada kuma in kai hannu wurin a daidai lokacin, don kare mai jin irin wannan zafin yana iya cizon wanda ya fi so. Saboda haka ne aka tsawaita masa gabafentin bayan sauran magungunan sun ƙare, da za a daina kuma sai da aka riƙa ragewa sannu a hankali. Ihun ya yi ta nisa da juna har muka daina ji.

Ana cire zare tsakanin kwana 10 zuwa 14, nasa ma a cikin wannan tsakanin aka cire. Daga nan aka ba mu izinin yawo, minti 5 don farawa. Tafiyarsa tsalle ce: ya ɗaga ƙirji ya jefa ƙafar gaba, na baya su biyo, kai yana sama yana ƙasa. Na lura tafiyar sannu ta fi ba shi wuya a kan ta sauri, don a sannu kowane tsalle sai ya tsaya ya daidaita kansa, da sauri kuwa jikin ne ke tura kansa. Saboda haka na daina tilasta masa bin takuna. In bar shi ya yi gaba da ɗan gudunsa, ya tsaya ya shinshina ya huta, sannan mu ƙara. Gajerun fita da yawa sun fi doguwa guda ɗaya. In ka ga kansa ya sunkuya, tsallen ya gajarta, ko ya zauna a tsakiyar hanya, to tuni an wuce iyaka. Alƙalin gaskiya kuwa shi ne washegari da safe: in ya tashi da ƙyar, tafiyar jiya ta yi yawa, sai a rage.

Igiyar wuya na daina amfani da ita a waje, don ɗan fizga kaɗan na iya kayar da shi. Muka koma ɗamarar ƙirji mai mariƙi a gadon baya. Ta farko da muka gwada juyewa take yi gefe, tunda babu ƙafar da za ta tare ta a hagu, sai da muka samo mai ƙarin maɗauri a ciki. Matakala kuwa hawa ba ya ba shi wahala, ƙafafun baya ne ke turawa. Saukowa ce abin tsoro, nauyin duka kan ƙafa ɗaya yake sauka. Wanda ya rasa ta baya nasa akasin haka ne, hawa ke ba shi wuya.

Yanzu hankalina duk yana kan ƙafar daman nan. Da kanta ta matso tsakiyar ƙirji, ta yi kauri, dagin ya ƙara faɗi. Nakan juya tafin in duba ko akwai faso, ko ƙaya, ko yanka, domin ɗan ciwon da mai ƙafa huɗu zai yi ɗingishi da shi ya wuce, shi kwantar da shi zai yi gaba ɗaya. Ba na fita da shi in ƙasa ta ɗauki zafin rana. Farata ba na barinsu su yi tsawo, gashin da ke tsakanin yatsu ma ina rage shi, duka biyun santsi suke jawowa. Gwiwar ta fara kanta saboda a kanta yake zubewa in zai kwanta, shi ya sa na ƙara shimfiɗa a duk inda ya saba zama. Wuyan ƙafar kuma ina lura ko ya kumbura ko ya soma lanƙwashewa ƙasa in ya tsaya.

Abin da muka fi kai ruwa rana a kai a cikin gida shi ne abinci. Kowa tausayinsa yake ji, kuma tausayin ta hannu yake fita: wannan ya jefa masa loma, wancan ya kankare masa kwano. Alhali duk kilo ɗaya da ya ƙaru, kusan rabinsa kan ƙafa ɗaya zai hau, kuma shi ke gaggauto da amosanin gaɓɓai. Likita ta ja hankalina kan wani abu da ban yi tunaninsa ba: ƙafar da aka cire ita ma tana da nauyinta, don haka awon da aka yi masa kafin tiyata ya daina zama ma'auni. In ya koma wancan nauyin, ƙiba ya yi. Aka sake ɗora shi a sikeli ranar cire zare, muka riƙe wannan. Tsakanin awo da awo hannu nake sawa, ya zama ina jin haƙarƙarinsa ba sai na danna ba, in na kalle shi ta sama kuma in ga ƙugun ya shiga. Na kafa doka: abincin yini ana auna shi da safe a zuba a mazubi ɗaya, duk mai son ba shi wani abu daga nan zai ɗiba. In ya ƙare, ya ƙare. An yi mini ƙorafin rashin tausayi, na yi kunnen uwar shegu.

Sauran abubuwa shi ya nemo wa kansa dabara. Abin tauna da yake riƙewa da dagi biyu yanzu danne shi yake da ɗaya, ya tokare da gefen katifa. Tono ma bai bari ba, sai dai ramin ba ya zurfi. Inda har yau ba mu daidaita ba shi ne mota. Dirowa daga mota na cikin abubuwan da aka hana shi har abada, don a nan ne nauyinsa duka ke faɗa wa wuyan ƙafar nan lokaci guda. Na samo katako mai faɗi na lulluɓe shi da kafet ya zama gangare. Hawa yana hawa ba gardama. Saukowa kuwa ya yi taku biyu a kai sai ya nemi ya dira ta gefe, don haka har yanzu ni ke riƙe mariƙin ɗamarar in sauko da shi, yana gurnanin ƙorafi. Likita ta ce a riƙa kai shi duk wata 6 ta duba gaɓoɓin da nauyinsa, kuma a zuwa na gaba za ta nuna mini yadda ake koyar da saukowar tun katakon yana shimfiɗe a ƙasa, kafin a soma ɗaga shi kaɗan-kaɗan.